Leo Fender, mai gyaran rediyo

An haifi Leo Fender a shekarar 1909 a jihar Kaliforniya, ƙasar Amurka. Iyayensa manoman lemu ne. Yana ɗan shekara 8 ciwo ya kama idonsa na hagu, likita ya cire shi. Da ido guda ya yi aikin duniyarsa.

Tun yana yaro rediyo ta shiga ransa, amma aikin akawu ya koya a lakwal. Da tattalin arzikin Amurka ya lalace, aka sallame shi daga aiki. A 1938 ya ci bashin dalar Amurka 600, ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton.

Makaɗa suka riƙa kawo masa amfili gyara. Amfili shi ne akwatin da ke ƙara wa gita murya. A wancan zamanin, cikinsa akwai ƙwayaye na gilashi masu kama da ampul. In an kunna, sai sun yi zafi kafin sauti ya fito.

To, mai gyara ya san inda kaya ke mutuwa. Shi ya sa da Leo ya shiga ƙera nasa, bai ɓoye komai ba. Da hannu ake haɗa wayoyin bisa wani ɗan allo, kowane abu a fili. In guda ya ƙone, a cire shi, a like sabo da dalma, shi ke nan. Akwatin kuwa na katako ne, mai jure tafiya.

Wanda ya fi suna shi ne Bassman na 1959, mai lasifika 4. A 1962 wani Bature, Jim Marshall, ya kwaikwaye shi a Landan. Da yake kayan da ya samu a Ingila daban ne, sai muryar ta fito daban.

Har yau mutane na sayen kaya, su bi zanen Leo, su haɗa irinsa a gida. Amma fa aikin na son hankali. Wutar cikinsa ta wuce bolt 400, kuma tana iya kisa ko bayan an zare waya.

Abin mamaki, Leo bai taɓa koyon kaɗa gita ba. Makaɗa yake saurara, ya gyara abin da suka ce. A 1965 ya sayar wa CBS kamfaninsa dala miliyan 13. Daga baya ya koma ƙira, har ya rasu a Fullerton a 1991, yana da shekara 81.