Alhassan Ɗantata Da Ayarin Gwanja

Mu da mu ke zaune kusa da dutsen Zuma kullum muna ganin manyan motoci suna fitowa daga Kurmi, suna wucewa Kaduna da Zariya da Kano, waɗansunsu maƙare da huhunan goro. Direba ya taso daga ƙasar Yarbawa yau, gobe ko jibi ya sauke kaya a Kano. Saboda wannan sauƙi, da wuya yaron zamanin nan ya yarda an yi lokacin da mutum zai yi sallama da iyalinsa, ya yi wata shida ko shekara guda bai komo ba, don neman goron nan da mu ke taunawa mu tofar. Shi ya sa na ga ya kyautu in ba 'yan'uwana na wannan kwaleji labarin wani mutum da ya yi irin wannan tafiya tun yana yaro, watau marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano. Kowa ya san shi da dukiya da dalar gyaɗa. Ni kuwa abin da na ke so mu duba shi ne makarantar da ya fara shiga, makarantar ayari, domin a ganina can ya samo abin da ya ɗaukaka shi.

Alhassan Ba'agale ne. Agalawa kuwa mutane ne da su ka shahara da fataucin goro a ƙasar Hausa, su da Tokarawa da Kambarin Barebari. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne mazaunin Madobi. Mahaifiyarsa, wadda a ke kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce ta sosai. A shekarar 1877 Madugu Abdullahi ya ɗaura niyyar tafiya Gwanja, ayari ya sauka zango a Bebeji, nan a ka haifi Alhassan. Kun ga ashe tun ran da ya zo duniya kukan jakuna da hayaniyar fatake ya fara ji. Da madugu ya komo daga wannan tafiya sai ya bar Madobi, ya zauna Bebeji.

Daɗin bai daɗe ba. Wajen 1885 Allah ya yi wa Madugu Abdullahi rasuwa, Alhassan bai fi shekara takwas ba. Amarya ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar da a ke kira Gwalkwas a da, wadda ta zama Ghana a 1957. Ta bar 'ya'yanta hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Tata ce ta koya masa tanadi, in ya sami wuri biyar ya jefa wani abu cikin asusu. A ka sa shi makarantar allo, ya yi almajiranci irin na zamanin, karatu da safe da dare, tsakani kuwa aikin malam da neman abin kai wa baka. Da ya kai kamar shekara 15 sai ya yi shawarar bin ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa.

To, a nan zan ɗan tsaya in bayyana yadda ayarin Gwanja ya ke, gama wanda bai san wannan ba ba zai gane girman abin da yaron nan ya ɗauka ba.

Ayari ba taron 'yan yawo ba ne, gari ne sukutum mai tafiya da ƙafa. Ya kan kai mutum dubu, wani lokaci har ya fi. Baturen nan Kilafatan ya gamu da irinsa a Kayama cikin 1826, yana komowa daga Gwanja, mutanensa sun yi dubu. Shugaban ayari shi ne madugu uban tafiya, shi ke yanke shawarar ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke raba gardama, shi ke gaisawa da sarakuna. Ya kan taho daga baya, don kada a bar gajiyayye ko marar lafiya. Jagaba shi ke gaba, yana duba hanya, yana zaɓen inda za a sauka. Uban dawaki shi ke tara kuɗin fito da na kyautar sarakuna daga hannun fatake, kowa gwargwadon kayansa, ya je ya biya. Akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a, akwai 'yan dako, akwai mata masu dafa abinci da dama fura. Kayan da a kan ɗauka daga Hausa su ne kanwa, da baƙin zane na Kura, da riguna, da jan fata, da gabu, a kan jakuna da alfadarai da takarkarai.

Da kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, sai a tashi. A bi yamma a ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Busa, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, a wuce Jugu, da Sansanin Mango, da Yandi, har a kai Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Tafiyar ta kan ci wata biyu zuwa uku, komowa ma haka. Kullum tun da asuba a ke ɗaura kaya, a yi ta tafiya har rana ta take, sa'an nan a sauka a kafa bukkoki, a sake dabbobi su yi kiwo. Ƙasar Bargu ita ce abin tsoron fatake saboda 'yan fashi, don haka kowa da takobinsa ko kwari da baka, da dare kuma a yi tsaro bi da bi. Wanda ya ware daga jama'a don gaggawa ko don fushi, sau da yawa ba a sake jin labarinsa.

Me ya sa sai an sha wannan wahala duka? Dalili shi ne goro ba ya yi a ƙasarmu ta fili. Itace ne mai son inuwa da ruwa da yawa. Ko da ya ke a nan jiharmu akwai goron Laboji na ƙasar Nufe, wanda ya yi suna wajen daɗi, amma kaɗan ne, ba ya isar ko gidajen sarakuna. Goron da ya wadaci ƙasar Hausa a zamanin nan daga kurmin Ashanti ya ke fitowa. Da can sarakunan Ashanti ba su barin fataken Hausa su shiga kurmi, sai dai su aiko da goro Salaga a yi ciniki a can. Da Turawan Ingilishi su ka ci Kumasi da yaƙi a 1874 sai wannan tsari ya rushe, kasuwa ta watsu zuwa Kintamfo da Atebubu da Karachi, Hausawa su ka fara kutsawa kudu har bakin teku. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga kanta. Cikin irin wannan zamani na rikici Alhassan ya yi tafiyarsa ta fari.

Wanda zai kai Ankara daga arewa kuwa sai ya gamu da kurmi, kurmi kuma wata duniya ce dabam ga ɗan Kano. A ƙasarmu mutum ya kan hango kuka ko dutse tun daga nesa ya san inda ya dosa. Can kuwa itatuwa sun yi tsawo sun haɗe kai, rana ba ta kaiwa ƙasa sai kaɗan, ko da tsakar rana sai ka ce magariba ta kusa. Hanya 'yar siririya ce, sai a bi ɗaya bayan ɗaya, ga saiwoyi, ga gungumen da ya faɗi ya tare hanya, ga rafuka ba iyaka. Jakin da ya kawo mutum tun daga Kano ba ya daɗewa, ƙudan tsando na kashe shi, tilas kaya su koma bisa kai. Sauro ya fi na gida yawa, zazzaɓi na kwantar da ƙarfafa, ruwan sha na kawo kurkunu. Ba gero, ba dawa, wanda ya saba da tuwo da fura sai ya koyi cin doya da gwaza da ayaba dafaffiya. Harshe kuma dabam, al'ada dabam. Abin da ke ceton baƙo shi ne zangon 'yan'uwansa da su ka riga shi zuwa, da maigidan da zai sauke shi, ya yi masa dillanci. Har yau unguwannin baƙi Musulmi a biranen Ghana zango a ke kiransu.

Alhassan ya kai Ankara lafiya, ya sadu da mahaifiyarsa. Wani zai zaci hutu ya samu, tun da ya ke uwar mai hali ce. Ina! Bai daɗe da sauka ba ta kai shi wurin wani malami, ta ce ya zauna can ya ci gaba da karatu, ya nemi abincinsa da kansa kamar sauran almajirai. Haka ya zauna har lokacin komowa Bebeji ya yi. Ni dai ina ganin wannan tsohuwa ta san abin da ta ke yi. Da ta shagwaɓa shi, da wataƙila ba mu ji sunansa ba.

Komowa da goro ya fi zuwa wuya, gama goro kaya ne mai rai. A kan jera shi cikin ganyen fita, a ɗaure huhu. Bayan 'yan kwanaki sai a kwance, a tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a kuma ɗaurewa. In ya bushe ya lalace, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Ƙwarya ƙwarya a ke ƙirga shi, watau ɗari ɗari. Falken da ya yi kasala mako guda sai ya isa Kano da asara bayan wahalar shekara. Wanda ya koyi wannan aiki ya koyi lura da lissafi da haƙuri gaba ɗaya.

Wata jarrabawa na jiransa a gida. A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, basasa ta tashi tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, da a ka rinjaye shi kuwa sai abin ya shafe su. A ka kama Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, a ka bautar da su, sai da su ka fanshi kansu. Ya fito hannu wofi, ya sake ɗaukar fatauci daga tushe.

Ga inda hankalinsa ya bayyana. Ya lura duniya ta juya. Turawa sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Badun a 1901, daga Sakandi zuwa Kumasi a 1903, jiragen ruwa kuma suna kai da kawowa tsakanin Gwalkwas da Ikko. Sai ya bar tsohuwar hanyar Bargu, wadda ubansa da kakansa su ka bi, ya riƙa gangarawa Badun da Ikko. Tun wajen 1906 ya shiga sayen goro a Kumasi da Ankara da Sakandi, yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a hau da shi Arewa. Yana cikin Hausawan farko da su ka yi haka. Goro ya riƙa isowa da wuri, da sauran ɗanyantakarsa, asara ta ragu. Ya kan kawo duwatsun wuya da tufafin Turawa kuma ya sayar a Kano.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekara mai bi cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa su ka rasa yadda za su kai ga manoma, gama ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za a ba amana ba. Fataken goro kuwa sun sani. Alhassan ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, ya koma birnin Kano da zama. Ya tsara aikin kamar yadda madugu ke tsara ayari, ya ba yaransa jari tun kafin kaka, kowa da yankinsa, kowa ya komo ya ba da lissafi. Kafin a daɗe ya wuce sa'o'insa duka. A 1929, sa'ad da bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, raƙumi 20 su ka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya yi aikin haji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Duk da wannan daula an san shi da sauƙin kai, da tsantseni wajen kashe kuɗi, da duba lissafinsa da kansa.

Da ciwon ajali ya kama shi ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su wargaza kasuwancin, su riƙe zumunci da mutanen da su ka yi masa aiki. Wannan ma dokar ayari ce. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, a ka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. 'Ya'yansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, sun riƙe wasiyyar. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

'Yan'uwa, yawancinmu ba fatauci za mu yi ba, aji za a ba mu. Amma wanda a ka danƙa wa yara arba'in ko hamsin an naɗa shi madugu ne, ko ya sani ko bai sani ba. Sai ya riƙa tahowa daga baya yana duba wanda ya gaji, kada ya bi masu sauri ya bar raunana a daji. Sai ya riƙa kwance huhu yana dubawa a kai a kai, kada ya jira ƙarshen shekara. In kuwa ya ga an sami hanyar koyarwa da ta fi wadda ya gada, kada ya ƙi ta don kawai ba ita malaminsa ya bi ba. Cikin yaran nan kuma lalle akwai maraya mai tsumma, wanda ba wanda ya san abin da Allah zai yi da shi, kamar yadda ba wanda ya sani game da almajirin Bebeji.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya gafarta masa, mu kuma ya ba mu ikon riƙon amanar da za a ɗora mana. Amin.