Abdulkarim, Baturen da Ya Ratsa Dajin Gundumi

Sunansa na asali Heinrich Barth. Barth sunan gidansu ne, kuma akwai wasu sanannun mutane masu wannan suna a Turai, amma mu wanda ya taka ƙasarmu muka zaɓa. An haife shi a birnin Hambug na Jamus a 1821. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa, kuma a tafiyarsa ya ɗauki sunan Abdulkarim.

A 1850 ya taso daga Tarabulus tare da wasu Turawa biyu. Dukansu sun rasu a hanya, shi kaɗai ya rage.

Shekarar 1853 ce ta fi jan hankalinmu. Daga Katsina ya biyo ta Zurmi har ya iso Isa, nan kusa da mu. A lokacin ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Gobirawan Tsibiri, sai ayarinsu ya ji tsoron kada Gobirawa su tare su a dajin Gundumi. Don haka suka yi ta tafiya yini da kwana ba su ya da zango ba, ga gajiya ga ƙishirwa. Ashe kakannin wasunmu yake gudu! Da suka fita daga dajin, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya ɗan zauna a Wurno, daga baya ya kai har Tambutu.

Ya koma Turai a 1855 tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ya rubuta labarin tafiyarsa juzu'i biyar. Ya rasu a birnin Balin a 1865, yana da shekara 44 kacal.