Bettino Ricasoli

Bettino Ricasoli (9 ga Maris, 1809 – 23 ga Oktoba, 1880) ɗan siyasa ne kuma babban manomi daga yankin Tuscany na ƙasar Italiya. Ya riƙe muƙamin firaministan Italiya sau biyu, daga 1861 zuwa 1862 da kuma daga 1866 zuwa 1867, kuma shi ne mutum na biyu da ya hau wannan kujera bayan haɗewar ƙasar. Ana yi masa laƙabi da Baron na Ƙarfe saboda tsaurinsa da ƙin lanƙwasuwa a kan abin da ya ƙudura. A fannin noma an fi saninsa da tsara haɗin inabin da ake yin giyar Chianti da shi. A wannan tsari ya bambanta giyar da ake sha da abincin yau da kullum da wadda ake ajiyewa ta shekara, bambancin da har yau ake la'akari da shi wajen haɗa Chianti da abinci.

Farkon rayuwa da iyali

An haifi Ricasoli a birnin Florence, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen sarauta na Tuscany. Sunan mahaifinsa Luigi Ricasoli, mahaifiyarsa kuma Elisabetta Peruzzi. Tun shekarar 1141 danginsu ke riƙe da Brolio, wani tsohon gida mai ganuwa a kan tsaunukan Chianti, tsakanin Florence da Siena.

Mahaifinsa ya mutu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta bi baya yana ɗan shekara 18. Dukiyar da aka bar masa bashi ya yi mata katutu. Mai mulkin Tuscany na lokacin ya fitar da umarni na musamman da ya ɗauke shi a matsayin baligi, aka danƙa masa riƙon ƙannensa da kula da gonakin gidan. Wannan nauyi ya katse masa karatu, amma da tsimi da tanadi ya biya bashin, ya fanshi dukiyar.

A shekarar 1830 ya auri Anna Bonaccorsi. A 1838 ya kwashe iyalinsa daga Florence ya koma Brolio da zama, domin ya sa ido a kan gonakin da kansa. Matarsa ta mutu a 1852, bai kuma sake aure ba. 'Yarsu Elisabetta ta auri wani ɗan uwansu daga reshen Ricasoli Firidolfi, kuma ta nan zuriyarsa ta ci gaba.

Noma a Brolio

A wancan zamani gonakin Tuscany suna tafiya ne bisa tsarin noma-mu-raba: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su yi aikin, idan kaka ta yi a raba amfanin biyu. Manoma kan shuka alkama da zaitun da inabi a gona ɗaya, su matse inabi iri-iri a haɗe ba tare da wani ma'auni ba. Giyar da ke fitowa ba ta jure ajiya ko doguwar tafiya, don haka kusan duk a cikin yankin ake shanye ta.

Ricasoli, wanda mamba ne a Accademia dei Georgofili, tsohuwar ƙungiyar masana harkar noma ta Florence, ya ɗauki gyaran wannan hali a matsayin aikin rayuwarsa. Ya riƙa ware kowane irin inabi daban, yana matsewa daban, yana rubuta abin da ya gani shekara bayan shekara. Ya ziyarci yankunan inabi na Faransa ya ga yadda suke sarrafawa da ajiya a gangunan katako. Burinsa shi ne Tuscany ta samu jar giyar da za ta jure tafiya zuwa ƙasashen waje, ta yi gogayya da ta Faransa a kasuwa. Haka kuma ya sayi filaye a Maremma, kusa da Grosseto, inda ya gwada noma da injuna.

Manoman da ke ƙarƙashinsa sun san shi da tsanani. Yana shiga harkar aikinsu da tarbiyyarsu da addininsu, yana kafa musu dokoki, kuma ba ya sassautawa ga wanda ya karya.

Shiga siyasa

A 1847 ya kafa jaridar La Patria tare da wasu abokansa masu neman sauyi, suna kira ga mai mulkin Tuscany, Leopold na Biyu, da ya ba da tsarin mulki da 'yancin jama'a. A wannan tsakani aka ba shi shugabancin birnin Florence, amma bai daɗe ba ya ajiye. Da Leopold ya dawo kan mulki a 1849 da goyon bayan sojojin Ostiriya, Ricasoli ya yanke ƙauna daga gare shi, ya janye jiki daga siyasa na kusan shekara goma.

A ranar 27 ga Afrilu, 1859, Leopold ya bar Florence yayin da yaƙi ke ƙullowa tsakanin Ostiriya da masarautar Piedmont-Sardinia. Ricasoli ya zama ministan harkokin cikin gida a gwamnatin riƙon ƙwarya, bayan 'yan watanni kuma ya zama shugabanta. Sarkin Faransa Napoleon na Uku bai so Tuscany ta haɗe da Piedmont ba, amma Ricasoli ya kafe a kan haɗewar. A ƙuri'ar raba gardama ta ranakun 11 da 12 ga Maris, 1860, mutane fiye da 366,000 suka zaɓi haɗewa, kusan 15,000 kawai suka zaɓi a kafa masarauta ta daban. Wannan sakamako yana cikin manyan matakan da suka kai ga kafa masarautar Italiya a 1861. Jaridar La Nazione, wadda har yau ake bugawa a Florence, an kafa ta ne a 1859 da goyon bayansa.

Firaminista

Camillo Cavour, firaministan farko na Italiya, ya mutu ranar 6 ga Yuni, 1861, kuma bayan kwana shida Ricasoli ya gaje shi. Gwamnatinsa ta haɗa basussukan tsofaffin ƙasashen wuri ɗaya, ta shimfiɗa tsarin mulki daga tsakiya a kan dukkan larduna, ta kuma yi fama da tawaye a kudancin ƙasar. Ya nemi sulhu da Fafaroma Pius na Tara a kan batun birnin Rum, amma Fafaroman ya ƙi. Jininsa bai haɗu da na Sarki Victor Emmanuel na Biyu ba, kuma bai iya zawarcin 'yan majalisa ba. A watan Maris na 1862 ya sauka, Urbano Rattazzi ya karɓa.

Ya dawo mulki ranar 20 ga Yuni, 1866, lokacin da Florence ce babban birnin ƙasar, kuma Italiya na shiga yaƙi da Ostiriya tare da Prussia. Sojojin Italiya sun sha kaye a Custoza, jiragen ruwanta kuma a Lissa, amma nasarar Prussia ta sa yankin Veneto, har da birnin Venice, ya shigo cikin Italiya. Daga nan ya gabatar da ƙudurin doka kan dangantakar coci da gwamnati da kuma dukiyar coci. Majalisa ta juya masa baya, ya rushe ta aka yi sabon zaɓe, bai samu rinjayen da yake so ba. A watan Afrilu na 1867 ya yi murabus, ya koma Brolio.

Haɗin Chianti

Sunan Chianti ya girmi Ricasoli. Tun 1716 Cosimo na Uku na gidan Medici ya shata iyakar yankin da giyarsa za ta ɗauki wannan suna. Abin da ba a daidaita ba shi ne irin inabin da za a yi ta da shi.

A shekarar 1872, bayan gwaje-gwaje na fiye da shekara 30, Ricasoli ya rubuta wa Farfesa Cesare Studiati na Jami'ar Pisa wasiƙa, ya bayyana abin da ya gano game da inabi iri uku. Na farko Sangiovese, baƙin inabi wanda shi ne ginshiƙi, daga gare shi ƙamshi da ƙarfin giyar ke fitowa. Na biyu Canaiolo, shi ma baƙi, wanda ke tausasa kaifin na farkon ba tare da ya rage masa ƙamshi ba. Na uku Malvasia, farin inabi, wanda ke sassauta haɗin, ya sa giyar ta yi sauƙi, ta kuma isa sha da wuri a teburin abinci na kullum. Ya nuna cewa idan giyar ta ajiya ce, ana iya barin Malvasia gaba ɗaya.

Ke nan giya biyu ya siffanta, kowace da inda ta dosa: mai sauƙi ta cin abincin yau da gobe, da mai nauyi wadda za ta daɗe a ganga kafin a fito da ita.

Chianti da abincin Tuscany

A Italiya an fi ɗaukar giyar inabi a matsayin abokiyar abinci, kuma al'adar ita ce a haɗa abincin yanki da giyar yankin. Abubuwa biyu ne suka sa Sangiovese ya dace da girkin Tuscany: tsami da bauri. Tsamin yana yanke maiƙon man zaitun da kitse, yana kuma tafiya daidai da tsamin tumatir, wanda kan sa giya marar tsami ta yi lami a baki. Baurin, wanda ke fitowa daga ɓawon inabin da 'ya'yansa, yana laushi idan ya haɗu da nama mai kitse ko cuku.

Sabuwar Chianti mai sauƙi, irin wadda Ricasoli ya tanadar wa teburin kullum, ita ake kawowa da abincin gida: ribollita, wato miyar wake da kabeji da burodin da ya kwana, pappa al pomodoro, faten burodi da tumatir, taliya da miyar tumatir, da cukun madarar tumaki wanda bai tsufa ba. Wadda aka ajiye ta daɗe kuwa ana haɗa ta da abinci mai nauyi, kamar bistecca alla fiorentina, ƙaton yankan naman sa mai ƙashi da ake gasawa a kan garwashi, ko naman aladen daji da aka dafa a hankali, ko tsohon cuku mai tauri. Ƙa'idar ita ce kada ɗaya ya danne ɗaya: giya mai nauyi tana binne ɗanɗanon miyar wake, mai sauƙi kuma tana ɓacewa a gaban gasasshen nama.

Mutuwa

Bayan 1867 ya ci gaba da zama ɗan majalisa, amma ba kasafai yake magana a zaure ba. Yawancin lokacinsa ya tafi a gonakinsa da sake ginin gidan Brolio. A can ya mutu ranar 23 ga Oktoba, 1880, yana da shekara 71, aka binne shi a ƙaramin cocin gidan. Mutanen yankin suna da almarar cewa fatalwarsa kan zagaya gonakin da dare a kan farin doki, abin da ke nuna irin tsoron da aka yi masa yana raye.

Abin da ya biyo baya

A 1924 masu gonakin tsakiyar Chianti suka kafa ƙungiyar kare sunan giyarsu, suka ɗauki baƙin zakara a matsayin tambari. A 1967 gwamnatin Italiya ta kafa dokar da ta fayyace yadda za a yi Chianti, ta wajabta sa farin inabi daga kashi 10 zuwa 30 cikin 100, har da wani iri mai yawan 'ya'ya da ake kira Trebbiano, wanda ba ya cikin ukun da wasiƙar 1872 ta lissafa. An riƙa jingina wannan haɗi ga Ricasoli, alhali abin da shi ya bari a matsayin zaɓi ga giyar kullum ne aka mayar dole a kan kowace Chianti. Kasuwa ta cika da giya tsararo a kwalabe masu rigar ciyawa, darajar sunan ta faɗi.

Daga wajen 1970 wasu masu gonaki suka bijire wa dokar, suka daina sa farin inabi, duk da cewa hakan ya hana su amfani da sunan Chianti. Da giyarsu ta yi suna a kasuwannin duniya, sai aka fara gyara dokar. A 1984 aka rage yawan farin inabin da ake buƙata. A 1996 yankin Chianti Classico ya samu dokarsa ta kansa, aka halatta yin giyar da Sangiovese zalla, daga 2006 kuma aka hana farin inabi a cikinta kwata-kwata. A yau dole Chianti Classico ta ƙunshi aƙalla kashi 80 cikin 100 na Sangiovese, kuma wadda ake kira Riserva sai ta yi wata 24 a ajiye kafin a sayar. Chianti ta gama-gari, wadda ake yi a faɗin yankin da ya kewaye shi, har yanzu an yarda a sa mata ɗan farin inabi. Da haka doka ta komo kusa da rabon da Ricasoli ya yi tun farko.

Gidan Brolio yana hannun zuriyarsa, ana ci gaba da noman inabi a gonakinsa, kuma akwai ɗakin tarihi da ke ɗauke da kayansa. Tituna da dama a biranen Italiya suna ɗauke da sunan Ricasoli.