Jean-François Millet, mai zanen mata masu kala

An haifi Jean-François Millet ranar 4 ga Oktoba 1814 a ƙauyen Gruchy da ke yankin Normandi na ƙasar Faransa. Ɗan manoma ne, kuma sai da ya sha aikin gona kafin ya tafi Cherbourg da Paris koyon zane. A 1849 ya tare a ƙauyen Barbizon, inda ya duƙufa kan zanen talakawan karkara.

A 1857 ya baje wani zane na mata uku sun sunkuya suna kalar alkama bayan girbi. Can nesa bayansu ga amfanin mai gona jibge, ga wakilinsa bisa doki yana sa ido. Wanda ya taɓa ganin mata suna kala a gonakin hatsi na Konni ko Illela ya san irin wannan sunkuyo.

Masu hannu da shuni na Paris, da ba su manta da juyin juya halin 1848 ba, sun ɗauki zanen a matsayin zuga talakawa, suka yi ta kushe shi.

Millet ya mutu a Barbizon ranar 20 ga Janairu 1875. Yau wannan zane yana rataye a gidan tarihi na Orsay da ke Paris.