Pavlik Morozov: Yaron da gwamnati ta ƙera wa tarihi bayan mutuwarsa

An haifi Pavlik Morozov a shekarar 1918 a Gerasimovka, wani ƙauyen talakawa manoma da ke yankin Ural a ƙasar Rasha. Ya taso ne a zamanin Stalin, lokacin da gwamnatin Tarayyar Sobiyet ke ƙwace gonaki tana haɗe su gandu guda, jami'anta kuma na bin rumbuna suna kwashe hatsi. Wanda duk ya ɗan fi maƙwabcinsa shanu, ko yake saye da sayarwa, sai a laƙaba masa sunan kulak, a kore shi daga garinsu. 'Yan kasuwarmu masu awon hatsi a Dogo-Dogo da Magaria sun san abin da hakan ke nufi ga mai iyali.

Mahaifinsa Trofim shi ne shugaban majalisar ƙauyen. A cewar hukuma, Pavlik yana ɗan shekara 13 ya kai ƙarar uban nasa bisa sayar wa korarrun manoma takardun jabu, aka ɗaure shi shekara 10. A watan Satumba na 1932 aka tsinci gawar yaron da ta ƙanensa Fyodor a daji, an daɓa musu wuƙa. Kafin shekarar ta ƙare kotu ta yanke wa kakanninsa biyu da ɗan baffansa da mijin gwaggonsa hukuncin kisa.

Daga nan fa jaridu suka ɗauka. Marubuci Maxim Gorky ya yabe shi, aka yi masa waƙoƙi da littattafai, aka sa wa tituna da makarantu sunansa, a 1948 aka kafa mutum-mutuminsa a Mosko. Abin da ake cusa wa yara shi ne jam'iyya ta fi uba, alhali a shekarun 1932 da 1933 yunwa ce ta kashe miliyoyin mutane sanadiyyar wannan ƙwacen hatsi.

Yuri Druzhnikov, wanda ya je ƙauyen ya zanta da dattawa, ya bayyana a littafinsa na 1988 cewa yawancin labarin ƙire ne. Ashe Trofim ya riga ya gudu ya bar uwar yaran ya koma wurin wata mace, gidan kuma cike yake da gaba. Malama Catriona Kelly, wadda a lokacin take Jami'ar Oxford, kuma ta duba kundin shari'ar, ta nuna a 2005 cewa babu gamsasshiyar hujjar yaron ya kai ƙarar kamar yadda aka yayata.

An tumɓuke mutum-mutumin na Mosko a 1991, amma a 1999 Kotun Ƙolin Rasha ta ƙi wanke dangin da aka yanke wa hukuncin.