John Wheatley: Lebiran Ramin Kwal Da Ya Sa Hukuma Gina Gidajen Haya

An haifi John Wheatley ranar 19 ga Mayu 1869 a ƙauyen Bonmahon na ƙasar Ailan. Yana ɗan shekara 7 neman abinci ya kai iyayensa kusa da birnin Glasgow a Sikotland. Ɗaki ɗaya suka samu, a cikinsa uba da uwa da tarin 'ya'ya suke kwana. Bai cika shekara 13 ba ya bi mahaifinsa cikin ramin kwal. Daga baya ya kama kasuwanci, ya kafa maɗaba'a har ya yi arziki, amma ƙuncin ɗakin nan ya bi shi cikin siyasa.

A 1912 ya zama kansila a Glasgow. Shekara ɗaya bayan haka ya wallafa ƙasida yana neman a ɗebi ribar taragon sufurin birnin a gina gidajen da ma'aikaci zai riƙa biya wa fam 8 a shekara. A 1915 ya mara wa matan Glasgow baya lokacin da suka ƙi biyan ƙarin haya, har majalisa ta hana masu gidaje wuce farashin kafin yaƙi.

Ya shiga majalisar dokoki a 1922, kuma a Janairun 1924 Ramsay MacDonald ya naɗa shi Ministan Lafiya, ma'aikatar da gidaje ke ƙarƙashinta. Gwamnatin ba ta shekara ba, amma dokar gidajensa ta rayu bayanta. Baitulmali zai ba ƙaramar hukuma fam 9 a shekara kan kowane gida har tsawon shekara 40, da sharaɗin a ba da shi haya, kuma hayar ta yi kusa da abin da ma'aikatan yankin suka saba biya. Hikimarsa ta fi bayyana a wajen magina. Ya gane cewa kuɗi ba ya ɗora bulo, don haka ya zauna da ƙungiyoyin magina da 'yan kwangila, ya yi musu alkawarin aikin shekara 15, su kuma suka yarda su ƙara ɗaukar yara masu koyon sana'a. An gina gidaje kimanin rabin miliyan a ƙarƙashin dokar.

Duk da haka talakan talak bai shiga ba. Hayar ta fi ƙarfin lebura, sai ƙwararrun ma'aikata da akawuna suka cika gidajen, abin da ma'aikacin tarayya mai kallon rukunin gidajen Abuja daga nesa ba zai yi mamakinsa ba.

Dokar kuma ba ta ƙetaro teku ba. A waɗannan shekaru, masu haƙar kuza a Bukuru da Barikin Ladi a tsaunukan Jos, waɗanda guminsu ke tafiya masana'antun Birtaniya, suna kwana ne a bukkokin barikin kamfani. Ɗakin na tafe da aikin, ranar da aka sallami mutum ranar zai naɗe tabarmarsa. Haka ta faru da dubbai da kasuwar kuza ta faɗi a farkon shekarun 1930.

Wheatley bai sake riƙe muƙami ba, domin ya ɓata da MacDonald, wanda ya bar shi a waje a 1929. Ya rasu ranar 12 ga Mayu 1930, kuma a 1933 aka soke tallafin.