Mike Webster: Ɗan wasan da ƙwaƙwalwarsa ta ba da shaida bayan ransa

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa ni, malamin nazarin harshe, da tarihin ɗan wasan ƙwallon Amurka, wasan da ba a buga shi a filayenmu. Dalilai biyu gare ni. Na farko, rayuwar Mike Webster ta nuna yadda sana'a kan cinye mai ita alhali jama'a na yi masa tafi. Na biyu kuwa, likitan da ya gano abin da ya same shi ɗan Nijeriya ne.

Ya kamata in fara da bayanin wasan, domin sunansa na da ruɗarwa. Ko da yake Amurkawa na kiransa ƙwallon ƙafa, akasari da hannu ake yin sa, ƙwallon ma mai siffar ƙwai ce. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11, kuma a ɓangaren masu kai hari mutum biyar kan jeru a sahun gaba su zama katanga. Ba aikinsu ba ne cin maki. Nasu shi ne su tare abokan hamayya da ƙirji da kafaɗa da kai, don mai jefa ƙwallo ya sami sararin jifa, mai gudu ya sami hanyar wucewa. Na tsakiyarsu shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa a farkon kowane zagaye, kafin ya ɗago an riga an afka masa. Wannan gurbi Webster ya riƙe har shekara 17.

An haifi Michael Lewis Webster ranar 18 ga Maris, 1952, a Tomahawk ta Jihar Wisconsin, ya kuma tashi a gonar dankali. Bayan ya yi wa Jami'ar Wisconsin wasa, sai ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi a 1974, a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa, wato ba ya cikin waɗanda aka yi rububinsu. Shekara biyu ya yi yana karɓa-karɓa da Ray Mansfield, daga 1976 gurbin ya zama nasa. Ya fara wasa 150 a jere ba fashi, ga shi yakan fito da damatsa a waje cikin tsananin sanyi, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Mike na ƙarfe. Tare da shi Steelers ta ci kofin Super Bowl sau huɗu, a 1975 da 1976 da 1979 da 1980, sau tara kuma ana zaɓarsa cikin gwanayen shekara. Ya ƙarasa da Kansas City Chiefs a 1989 da 1990, ya yi ritaya da wasanni 245. A 1997 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan wasan da ke Canton, Jihar Ohio.

Sai dai kafin wannan karramawa, mutumin ya riga ya fara rushewa. Mantuwa ta kama shi, ga baƙin ciki, ga ciwon jiki da ba ya barinsa barci. Dukiyarsa ta salwanta, ya koma kwana a cikin motarsa ko a tashoshin jirgin ƙasa tsakanin Wisconsin da Pittsburgh. Har ta kai yana ɗana wa kansa na'urar lantarki mai sumarwa don ya samu ya runtsa. A 1999 aka tuhume shi da ƙirƙirar takardar likita don samun maganin Ritalin, daga baya aurensa ma ya mutu. Masu kallo daga nesa suka ce shaye-shaye ne, wasu suka ce sakarci ne, domin ciwon ba shi da sunan da jama'a suka sani.

A shekarar ta 1999 ya nemi kuɗin naƙasa daga asusun fansho na 'yan wasan hukumar NFL. Asusun ya yarda cewa wasa ne ya naƙasa shi, amma ya ƙi biyansa daga lokacin da ya bar fili. Ana cikin wannan ja-in-ja ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2002, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 50. Sai a 2005 wata kotun tarayya ta yanke cewa tun 1991 ya naƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disambar 2006, aka biya magadansa fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. Gaskiya ta yi halinta, amma mai haƙƙin na kabari.

Likitan da aka ba binciken gawar shi ne Dokta Bennet Omalu, haifaffen Jihar Anambra wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Da wani ne da ya rufe fayil, amma labarin shekarun ƙarshe na mamacin ya hana shi sakat. Ya sa aka yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri aka duba da madubin likita, sai ga wani sinadari mai suna tau ya taru ya cukurkuɗe a cikinta, irin abin da aka daɗe da sani a ƙwaƙwalwar 'yan damben Turawa. A 2005 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon a mujallar Neurosurgery, suka kira ciwon CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda yawan bugu a ka. Webster ne ɗan wasan NFL na farko da aka tabbatar yana da shi.

Maimakon godiya, likitoci uku na kwamitin NFL suka nemi mujallar ta janye maƙalar, ita kuwa ta ƙi. Daga baya tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 suka kai hukumar ƙara, a 2013 ta amince da sulhun dala miliyan 765, sai a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da ciwon. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka sami ciwon a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL. Adalci ne a faɗi cewa iyalai ne suka ba da ƙwaƙwalen, galibi saboda sun ga alamu, don haka alƙaluman ba ma'aunin dukkan 'yan wasa ba ne.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarfin suna. Kafin 2005 Webster lalatacce ne a bakin mutane, bayanta ya zama majinyaci, alhali mutumin bai canza ba. Da ciwo ya sami suna sai ya shiga kotu da majalisa, ya kuma tilasta sauya dokokin wasa. Mu ma muna da dambe, inda kai ne abin hari, muna da tsofaffin 'yan wasa da idan hankalinsu ya gushe sai mu ce taɓuwa ce ko asiri. Ba na cewa a daina dambe. Ina cewa ne masu shirya shi su tanadi likita a bakin fili, su hana wanda aka sumar komawa nan take, su kuma ware wani abu daga kuɗin ƙofa don ranar da ƙarfi zai ƙare. Likitocinmu da malaman jami'o'inmu kuwa, aikin Omalu ya ishe su misali: ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya sake dubawa, bai kuma janye ba da aka matsa masa.